Makullin Dela Ya Tafi Hutu

A benen da muke haya a unguwar Safa ta Jidda, tagar kicin ɗinmu tana fuskantar tagar kicin ɗin gidan Abdulmohsen. Tsakaninsu akwai manwar, ramin nan da magina ke bari a tsakiyar gini don iska ta shiga, ko da yake namu ba ya kawo komai sai ƙamshin girkin maƙwabta da gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki. Ta wannan taga na san Dela, wadda nake kira Khala, wato ƙanwar uwa da Larabci. Ina sakandare na fara jin wata mata tana rera waƙa ƙasa-ƙasa tana wanke-wanke, da Hausa mai kauri, ba irin tamu ta 'yan Sudan da Larabci ya cinye rabinta ba. Na yi watanni ina saurare ban ce uffan ba. Ita ce ta gaji.

"Ke 'yar gidan can," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "kunnen nan naki zai faɗa rami. Ba a gaisuwa a garinku?"

Daga ranar muka saba. Muka ɗaura ɗan kwando a sandar mofa, ya zama gadarmu. Ta nan take miƙo mana ƙosai ranar Juma'a, mu kuma mu miƙa mata kisira, wainarmu ta 'yan Sudan, idan Ummi ta yi.

Dela mutuniyar Nguru ce, inda layin dogo ya ƙare. Mahaifinta leburan reluwe ne. Tana yarinya, da zarar jirgi ya iso daga Kano sai ta ruga tasha da farantin dafaffen ƙwai da gyaɗa a ka, ta bi tagogi tana miƙa hannu sama. Idan tana ba da labarin jirgin ƙasa sai ka ɗauka ita ke tuƙa shi, alhali daga waje kawai ta san shi: zafin ƙarfensa, warin mansa, da hannuwan fasinjoji da ke leƙowa. Ba ta taɓa taka matakalarsa ba.

"Mai talla ba ta shiga," in ji ta. "In ya tashi da ke, wa zai mayar wa Inna farantinta?"

Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, Sajida, mijin ya rasu. Ta sayar da abin da ya bari, ta zo umara da yarinyar a goye. Biza ta ƙare, ba ta koma ba, kamar dubban irinta. Tun daga nan take zaune a Jidda babu iƙama, katin nan da ake tambayar baƙo a asibiti da tashar mota da shingen hanya. Ta bar Sajida hannun wata 'yar garinsu a unguwar Ruwais, ita kuma ta sami aikin kwana a gidan Abdulmohsen da matarsa Jawahir, lokacin 'yarsu Shahad tana jaririya. A bayan Dela Shahad ta girma. Dada take ce mata, kuma har yau tana jin Hausa, sai dai amsar da Larabci take fitowa.

Abdulmohsen ba mugu ba ne, matsoraci ne. Ya san ajiye wanda ba shi da takarda laifi ne mai tara mai nauyi, kuma tsoron abin bai taɓa barinsa ba. Wani lokaci ranar Juma'a yakan ɗauki Dela da kansa ya kai ta bakin lungun Ruwais, ya dawo ya ɗauke ta kafin magariba. Idan kuwa za su yi tafiyar hutu, sai ya cika firji da nama da kaji, ya jera robobin ruwa har bakin bango, ya canza tukunyar gas, sannan ya fita ya murɗa makulli daga waje. Ƙofar ta ƙarfe ce, mai sakatu da ke shiga cikin bango. Gidan da aka kulle, a ganinsa, gida ne da babu kowa a ciki, don haka babu mai ƙwanƙwasawa. Labule a rufe, fitilun falo a kashe, na'urar sanyi ta ɗan ɗakinta na baya kaɗai za ta kunna. Sharar ma ta kwandonmu take bi.

"Don amfaninki ne, ya Dela," yakan ce.

"Na sani, Abu Shahad. Allah ya kai ku lafiya."

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne yadda take karɓar kullen nan da fara'a. Ban san dalili ba sai bazarar bara.

Duk shekara Masar suke zuwa, ko Dubai, ko Malesiya. Bara Shahad ta gama jami'a, ta ce ita ƙasar duwatsu da ƙanƙara take so, Siwizalan, kuma ba ta yarda a ɗauki motar haya ba. Jirgin ƙasa da bas za su riƙa bi, gari zuwa gari. Suka tafi a tsakiyar zafi, lokacin da iskar Jidda ke manne wa mutum a jiki kamar jiƙaƙƙen zane. Ni ma na gama karatu ina zaman jiran aiki, don haka yawancin yinina a kicin nake yi.

Kullum Shahad sai ta kira da bidiyo. Dela takan jingina wayar a jikin tulun shayi, ta ƙure murya, in ta ga abin da ya fi ƙarfinta ta saka wayar a kwando ta turo mini.

"Ikilima, duba mini. Wannan gaskiya ne ko hoto ne suka manna a gilashi?"

Jirgi ne ja, tagoginsa sun kai har rufi. A waje tafki kore shar, bayansa duwatsu sun tokare sama, kawunansu fari fat. Gidajen katako a warwatse a gangare, kowanne da furanni a baranda. Jirgin ya riƙa hawa yana lanƙwasa har kana iya hango wutsiyarsa.

"Dada, shufi, duba shanu! Da ƙararrawa a wuyansu!"

"Na gani. Ina makiyayin?"

"Babu makiyayi."

"To wa zai hana su shiga gonar mutane?"

"Sun san hanya, Dada."

"Lalle. Shanun ma sun yi boko."

Da suka tsaya a wata tasha, Dela ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin wayar. Ta duba dama, ta duba hagu.

"Ina masu talla? Tasha guda babu mai ƙwai, babu mai ruwa? In mutum ya ji yunwa fa? Wannan ba tasha ba ce, Shahad, asibiti ne."

Ta yi dariya sosai a kwanakin farko. Sau ɗaya ne kawai na ga dariyar ta tsaya cak. Wani mutum mai kaki da hula ya bayyana a bayan Shahad yana miƙo hannu, sai Dela ta kife wayar a kan tebur ta ja da baya. Mai duba tikiti ne. Da na faɗa mata, ta ce ai ta sani, hannunta ne ya zame. Wata rana kuma Shahad ta ce sun ɗan leƙa ƙasar da ke maƙwabtaka sun ci abinci sun dawo.

"Wata ƙasa? Ina shingen?"

"Ba mu ga shinge ba. Jirgin wucewa kawai ya yi."

"Ba wanda ya ce ku kawo takarda?"

"Babu, wallahi."

Dela ta ɗauki soso ta shiga goge murhun da ta riga ta goge.

Ranar da abin ya faru, bas ce ta kai su can saman wani dutse, bas rawaya mai busa ƙaho a kowace kwana. Suka sauka inda ƙanƙara ke kwance a gefen titi. Shahad ta juyo da wayar kanta tana dariya, haƙoranta na kaɗawa, ta dunƙule cikin wata tsohuwar kwat ta ulu mai launin toka.

Na ji Dela ta ce, "Wannan rigar fa?" Muryarta ta sauya.

"Ta Mama ce, tun ta amarci. Muna bakin ƙofa na koma na zaro ta daga can ƙarshen kabad. Wadda na saya ado ce kawai, ba ta tare sanyi. Ta yi mini kyau?"

"Ta yi."

Ta kashe wayar. Na ji takunta da gudu zuwa cikin gida, na ji ƙarar ƙofar kabad, sannan shiru. Da ta dawo taga ta kama ƙarafan da hannu biyu.

"Ikilima, makullina ya tafi hutu."

A nan ta ba ni labari. Wata shekara da suka tafi Masar, Sajida tana da cikin fari. Ta auri Ya'u, wani mai dako a kasuwar Bab Makka, shi ma ba shi da takarda. Cikin ya zo da matsala, suka ji tsoron asibiti, suka yi ta jinkiri har ɗan ya zo babu rai. Dela tana kulle a Safa, waya a kunne, tana jin 'yarta tana kiran Inna. Na tuna kukan da na ji ta manwar a lokacin. Na ɗauka rasuwa aka yi mata a Najeriya, kunya ta hana ni tambaya.

Bayan sun dawo, wata rana Jawahir tana barcin rana, Dela ta zare makullin daga jakar uwar ɗakin nata ta sauka da shara. Ya'u yana jira a bayan bene. Ya ruga wurin mai yankan makulli, ya dawo kafin a kira la'asar. Sai neman maɓoya. Ɗakinta ba shi da sirri, Jawahir na shiga neman allura ko almakashi. Ta yi ta tunani har ta tuna da kwat ɗin. A Jidda wa ke taɓa rigar sanyi? Shekara da shekaru tana rataye, ko asu ya manta da ita. Ta saka makullin a aljihun ciki, ta soke bakin aljihun da fil. Tun daga nan, duk tafiyar da suka yi, takan jira kwana biyu ta buɗe ƙofa, ta sa niƙabi ta sauka kamar kowace mata, ta je ta ga 'yarta ta dawo ta kulle kanta.

"Na yi lissafin ɓarawo, na yi lissafin Madam," ta ce. "Ban yi lissafin ƙanƙara ba."

Sajida kuma tana da wani cikin, ya tsufa.

"Khala, ki faɗa wa Shahad."

"In ce mata me? Na saci makullin uwarki? Ko na faɗa, makullin zai taso ya zo ne? Da nawa da nasu duk suna can." Ta saki ƙarfen ta share tafin hannunta a zane. "Cikin bai kai ba tukuna. Za su riga shi dawowa, in Allah ya yarda."

Ya'u ya zo ya ga ƙofar, ko akwai dabara. Bai kai ga taɓa ta ba Othman, mai gadin benen, ya biyo shi yana tambayar wa yake nema. Ya ce ya yi ɓatan hawa ne, ya sauka, bai sake dawowa ba. Othman ya san da Dela sarai, ya dai zaɓi kada ya sani. Tagogin gidan duk da ƙarfe. Na auna faɗin na kicin da idona, ko kyanwar Jawahir da ƙyar take zura kai.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin tunawa. Gida ɗaya ne, ƙofa ɗaya, abincin ma shi ne, amma da can tana zaune ne da sanin cewa in ta so za ta fita. Yanzu sai in ji takunta daga kicin zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa kicin. Ta daina waƙa. Ta daka yajin jego a ɗan turmin Jawahir, citta da kimba da masoro, ta naɗe turmin da tawul don kada na ƙasa su ji. Ta ƙulle kanwar kunu a leda. Ta haɗa komai a jaka ta ajiye a bakin ƙofar da ba za ta buɗu ba.

Shahad kuwa ba ta fasa kira ba. Yau suna cikin jirgi mai haƙora a ƙasa yana hawan dutse kamar ƙadangare, gobe suna cikin bas a gefen wani kwazazzabo, ruwa na zubowa daga sama fari kamar nono. Kuma ko'ina kwat ɗin tana jikinta, ko a kan cinyarta, ko a rataye a ƙugiyar gefen taga tana lilo. Dela ta daina ganin duwatsu.

"Kada ki manta rigar nan a mota, kin ji? Ta uwarki ce."

"Dada, sau nawa za ki faɗa?"

"Ki dai riƙe ta."

Wata safiya ina haɗa shayi, sandar mofa ta bugi ƙarfen tagarmu da ƙarfi. Dela tana tsaye da mayafinta a ka, kamar wadda mota ke jira.

"Sajida ce, faya ta fashe. Ya'u ya tafi kiran ungozoma."

Ta jingina wayar a tulu ta danna sunan Shahad.

Suna cikin jirgi. Shahad na cin burodi, a bayanta wani kwari ne cike da hazo.

"Shahad, ki saurare ni da kyau. Rigar nan, ki sa hannu a..."

Hoton ya daskare, ya yi baƙi. Jirgin ya shiga ramin da aka huda a cikin dutse. Muka tsaya muna kallon waya. Da hoton ya dawo Shahad na dariya.

"Nafaƙ ne, Dada, rami. Hanyar yau duk ramuka ce. Me kika ce?"

"Aljihun ciki, na hagu. Akwai fil..."

Ta sake yankewa. Dela ta dafe tebur ta sunkuyar da kai. A ɗaya layin Ya'u na ta kira, ta ɗauka, na ji muryar Sajida daga nesa, ba magana take ba. Dela ta ce mata ta durƙusa ta riƙe gefen gado, ta ce tana nan tafe. Haka ta ce, tana nan tafe.

Sau uku ko huɗu dutse yana haɗiye maganarta. Daga baya Shahad ta turo saƙon murya cewa sun sauka, suna gudu kada bas ta tafi ta bar su, za ta kira in sun zauna. Ummi ta zo ta tsaya a bayana tana salati. Ban san tsawon jiran ba. Shayin da na zuba dai ya huce har ya yi fata.

Da wayar ta yi ƙara, suna kujerar baya ta bas. Dela ba ta yi sallama ba.

"Aljihun ciki na hagu. Cire fil ɗin."

Shahad ta laluba. Ta zaro makullin ta ɗaga shi, tana juya shi a gaban taga, koren dutse na wucewa a bayansa.

"Wannan na gidanmu ne."

"Nawa ne. Ni na yanka. Sajida na naƙuda, Shahad. Ba ni babanki."

Hoton ya karkata, ya nuna rufin bas, sannan fuskar Abdulmohsen ta cika wayar, da hular ulu har gira. Shahad na yi masa bayani da sauri. Na ga lokacin da ya gane. Ya dubi makullin, ya dubi Dela.

"Tun yaushe?" Ƙasa-ƙasa yake magana, saboda Turawan da ke kewaye da shi.

"Tun bayan Masar."

"Kina fita? Duk tafiyar da muka yi kina fita? Ya Dela, in da an kama ki a hanya fa? Kin san abin da zai same ni?"

"Na sani."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa maka, Abu Shahad. Kafin ku tafi Masar na ce yarinyata ba ta da lafiya, ka bar ni in zauna wurinta. Ka ce ana kame a Ruwais, ka ce don amfanina ne. Ka cika mini firji."

Bas ta busa ƙahonta mai amo uku, ta sha kwana, kowa ya kwanta gefe ɗaya. Abdulmohsen ya riƙe kujerar gaba. Jawahir tana gefensa, ta juya fuska ga taga, na ga tana goge ido da bakin gyale.

"Ki ji," ya ce bayan ya daidaita. "Babu wani makulli a Jidda. Sai dai in sa Othman ya kawo mai huda ƙofa. Ƙofar nan ba ta buɗuwa a ɓoye, duk benen zai fito kallo. Za su ga gidan da na kulle akwai mutum a ciki. Bayan wannan ba zan iya mayar da ke ba, ko ina so. Kin fahimta? Ki yi haƙuri, akwai ungozoma, mun kusa dawowa..."

"Baba!" in ji Shahad.

"Ina faɗa mata gaskiya ne."

Dela ta waiga ta dubi kicin ɗin. Tukwanen da ta jera bisa girmansu, ƙugiyar da take rataye carbinta, 'yar kujerar da Shahad ke hawa tana ƙarama don ta kai famfo, wadda har yau ba a yar ba.

"Kira Othman," ta ce.

"Dela..."

"Halas, ya isa, Abu Shahad. Kira shi."

Mai huda ƙofar wani Bayamane ne mai jakar kayan aiki. Sai da ya yi magana da Abdulmohsen a wayar Othman, ya ga fuskarsa, kafin ya jona injinsa. Ƙarar ta cika benen tun daga ƙasa har sama. Kamar yadda aka faɗa, ƙofofi suka buɗe. Matar hawa na sama ta leƙo ta kan matakala da waya a hannu. Wani dattijo ya tambayi Othman ko gobara ce. Othman ya ce kyanwa ce aka manta a ciki, kuma a daidai lokacin sakatun suka saki, ƙofa ta buɗe, ga Dela tsaye da niƙabi da jaka. Kyanwar ma ta fito ta bi ta tsakanin ƙafafunta. Babu wanda ya yi dariya.

Ni na kai ta a ƙaramar motar Ummi. Ta zauna a baya, jakar a cinya. Da muka kusa Ruwais, ta taɓa kafaɗata.

"Tsaya nan. Ga darbejiya."

"Khala, ana jiranki."

"Da me zan yi mata wanka? Yalla, maza karyo mini, ke ce mai takarda."

Na fita cikin rana na karyo rassa daga bishiyar gefen titi, motoci na yi mini ham. Motar ta cika da ɗacin ganye.

Lungun bai ɗaukar mota. Ta sauka tun ban gama tsayawa ba, ta yi gaba, ni ina biye da ganye a rungume. Ya'u na tsugune a ƙofar wani tsohon gida, ya miƙe da ya gan ta. Ta wuce shi ta ɗaga labule. Daga ciki na ji an ce, "Inna," sai muryar Dela tana cewa, "Ga ni. Wa ya ce ki kwanta? Tashi ki durƙusa."

Bayan la'asar aka haifi namiji, da ransa da kukansa.

Dela ta yi wa 'yarta wankan jego har arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa a babbar tukunya da ganyen darbejiya, a wani ɗan banɗaki da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Ta dama kunun kanwa, ta gasa nama ta barbaɗa yajin da ta daka a turmin Jawahir. Sajida na kuka da zafin ruwan, ita kuma tana cewa ai ba a fara ba.

Gidan Safa an sa masa sabon makulli. Jawahir ta aiko da kayan Dela a akwati biyu, da atamfa da kayan jariri. Abdulmohsen bai zo ba, amma shi ya sa akwatunan a mota. Shahad ce ta kawo su, ta zauna a tabarma ta ɗauki yaron tana yi masa wasa da Larabci. Da za ta tafi ta ajiye wa Dela tsaraba: ƙaramar ƙararrawar shanu da tsohon makullin.

"Me zan yi da shi? Ba ya buɗe komai."

"Ya fi ki yawo, Dada. Ya hau jirgi ya hau bas."

"Ɗan banza. Ko gaisuwa bai kawo mini ba."

Yanzu a Ruwais take, ɗaki ɗaya da Sajida da Ya'u da yaron, an raba shi da labule. Tana soya ƙosai da safe, Ya'u ya tafi da shi Bab Makka. Ba ta wuce bakin lungu. Tagar kicin ɗin da ke fuskantar tamu a rufe take, sabuwar mai aikin ba ta jin Hausa, kwandon kuma Ummi ta mayar da shi na albasa.

Nakan je in gaishe ta. Zuwana na ƙarshe na gaya mata na sami aiki, kuma za su tura ni Madina horo, a jirgin ƙasan nan mai gudu. Ta sa na yi mata alkawarin zama a gefen taga in kira ta. Tana cikin tambayata ko ana sayar da abinci a ciki, sai muka ji mota ta tsaya a bakin lungu, an buɗe ƙofofi, an rufe. Sajida ta kashe rediyo. Dela ta miƙe da yaron a kafaɗa, ta je ta tura sakatar ƙofa, ta sa tafin hannu ta danne ƙararrawar da ke rataye a jikin labule don kada ta yi ƙara. Muka zauna shiru muna jin numfashin juna, har wani yaro ya yi kira daga waje cewa masu kawo ruwa ne.

Ba ta zare sakatar ba. Ta dawo ta zauna, ta gyara wa jikanta wuya.

"To, ina jinki. Kika ce babu masu talla a tashar nan ma?"